Ƙafar Mota da Natsuwarta a Kan Hanya: Misali Daga Motocin Tafi-da-Gidanka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin babbar mota a baya, aka zo kwana ya ga bodinta ya kwanta gefe guda kamar za ta kife, sa'an nan ta miƙe ta ci gaba da tafiya, to ya ga abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa. Direba yana da nasa ƙoƙari a wannan wuri, amma abin da ya tashi motar daga kwanciya waɗansu ƙarafa ne da robobi da ke ƙarƙashinta, tsakanin tayoyi da shasi. Kanikawa sukan haɗa su gaba ɗaya su kira su ƙafar mota, har a ji sun ce mota kaza tana da aikin ƙafa. Wannan suna za a yi amfani da shi a nan, domin ya dace da abin: da su mota take tsayawa, da su kuma take taka ƙasa.

Maƙasudin laccar shi ne a bayyana yadda aibi a cikin waɗannan ƙarafa, ko da na noti guda ne, yake iya raba mota da natsuwarta a kan hanya. An zaɓi motocin tafi-da-gidanka na Amurka da Turai su zama abin misali, saboda abubuwa uku sun taru a kansu: tsayi da nauyi irin na babbar mota, ƙira wadda ta bi ta hannun kamfani fiye da ɗaya, da kuma direba wanda tuƙi ba sana'arsa ba ce. Za a fara da bayanin motar kanta, sa'an nan dalilan da ke sa ta tangaɗi, da kayan da ke hana ta, da yadda aibi ke shiga cikinsu, daga bisani a duba wanda alhakin ke wuyansa.

2.0 Motar Tafi-da-Gidanka

Hausa ta daɗe da kalmar tafi-da-gidanka, ana laƙaba ta ga abin da aka saba gani a kafe amma aka sa shi yawo, kamar asibiti ko waya. A kan wannan mota kuwa kalmar ta koma ma'anarta ta zahiri, domin gida ne sosai aka ɗora a kan tayoyi. A cikinta akwai gado, da kicin, da makewayi, da firji, da tankin ruwan sha, da tankunan ruwan datti, sau da yawa har da janareta. Mai ita yakan ɗebi iyalinsa su yi makonni a hanya, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Da yawa daga masu sayenta dattawa ne da suka yi ritaya.

A Amurka an kasa su aji uku. Ajin A shi ne mai siffar babbar bas. Tsawonsa yakan kai ƙafa 45, watau fiye da mita 13 da rabi, tsayinsa daga ƙasa ya kusa mita 4, mafiya girma kuma nauyinsu yakan haura tan 20. Ajin B ƙaramar motar ɗaukar kaya ce aka gyara cikinta. Ajin C kuwa yana da kan motar kaya a gaba, an gina ɗaki a bayansa har ya leƙo bisa kan direba. Kamfanin Winnebago, wanda aka kafa a jihar Ayowa a 1958, ya fitar da motarsa ta farko irin wannan a 1966, kuma ya yi suna ƙwarai a wannan sana'a. A yau galibin masana'antun suna jihar Indiyana, a garin Elkhart da kewayensa.

Abin lura shi ne yadda ake ƙera su. Kamfani ɗaya, kamar Ford ko Freightliner a Amurka, ko Fiat da Mercedes-Benz a Turai, shi ke yin shasi da inji da ƙafa, ya sayar da su tsirara. Wani kamfani dabam ya saya ya gina ɗakin a kai. Wani lokaci ma akwai na uku a tsakani, wanda zai yanka shasin ya ƙara masa tsawo kafin a yi ginin. Wannan rabon aiki shi ne tushen matsaloli da dama, kuma za a dawo kansa a gaba.

3.0 Abin da Ke Sa Ta Tangaɗi

Dalili na farko shi ne tsayi. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, watau wurin da za a iya cewa nauyinsa duka ya taru. Direbobin manyan motoci sun san wannan tun ba a makaranta ba: tan goma na siminti da tan goma na auduga nauyinsu ɗaya, amma mai lodin auduga shi ke shiga kwana a hankali, don kayansa sun tashi sama. Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi a kan haka. A auna faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninkin tsayin cibiyar nauyi. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NHTSA, ta fara amfani da wannan awo a 2001 wajen nuna wa masu sayen ƙananan motoci wadda ta fi saurin kifewa.

A ƙaddara ƙaramar mota mai faɗin mita 1.5, cibiyar nauyinta tana santimita 55 daga ƙasa. Lissafin zai ba da 1.36. A ƙaddara kuma motar tafi-da-gidanka mai faɗin mita 2, cibiyarta tana mita 1.3. Lissafin zai ba da 0.77. Ma'anar wannan ita ce, idan ƙarfin da ke tura ta gefe ya kai kashi 77 cikin ɗari na nauyinta, tayoyin ɓangare guda za su fara barin ƙasa. Ƙaramar motar galibi za ta zame kafin ta kai ga kifewa, doguwar kuwa tana iya kifewa kafin ta zame. Wannan lissafi ma ya ɗauka cewa motar sandararren abu ce. A zahiri sifirin yana lotsawa, taya tana lotsawa, bodi ya karkata, cibiyar nauyi ta ƙara matsawa waje, saboda haka iyakar ta gaskiya tana ƙasa da wannan.

Dalili na biyu shi ne gudu. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana yana ƙaruwa ninki huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. A kwanar da zurfin lanƙwasarta ya yi daidai da da'ira mai mita 100 daga tsakiya zuwa baki, motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana jin turi na kimanin kashi 20 cikin ɗari na nauyinta. A kilomita 100 turin ya kusa kashi 80. Kaucewa farat ɗaya don gudun rami ko dabba kwana ce mai tsanani, ko da hanyar miƙaƙƙiya ce.

Na uku shi ne iska. Gefen mota mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3 bango ne mai faɗin murabba'in mita 36, kuma bangon nan yana tafiya. Iskar da ta bugo daga gefe, ko wadda tirela ke turowa sa'ad da ta zo wucewa, takan fara tura bayan motar, sa'an nan gabanta, daga ƙarshe ta janyo ta. Direba yana ji a hannunsa kamar ana fizge masa sitiyari.

Na huɗu shi ne wutsiya, watau sashen bodi da ya zarce tayoyin baya, wanda a waɗansu motocin yakan kai mita uku ko fiye. Duk nauyin da aka ɗora a can yana danne tayoyin baya ya sassauta na gaba, kamar yadda mangala ke karkata idan aka cika gefe guda. Tayoyin gaba kuwa su ke karɓar umarnin sitiyari. Sai kuma ruwa: kowace lita kilo ɗaya ce, manyan motocin suna ɗaukar ɗaruruwan litoci, kuma tankin da bai cika ba ruwansa yana kai-komo. Duk wadda ta ɗauko tulu rabi a ka ta san yadda yake rinjayar wuya.

4.0 Kayan Ƙafa da Aikin Kowannensu

Aikin ƙafar mota kashi biyu ne. Na farko, ta ɗauki nauyi ta shanye gargadar hanya. Na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, ta riƙe tayoyi a inda aka nufa su tsaya, su fuskanci inda aka nufa su fuskanta.

Sifirin shi ne mai ɗaukar nauyi. A shasin Ford F-53, wanda aka gina ɗimbin motocin ajin A masu shan fetur a kansa, sifirin na falle-falle ne gaba da baya, irin na motocin kaya. An jera fallayen ƙarfe, an huda su a tsakiya an sa ƙusa guda ta riƙe jerin, sa'an nan aka ɗaure su ga aksul da waɗansu ƙarafa masu lanƙwasa kamar harafin U, waɗanda kanikawa ke kira yubol. Bakin sifirin biyu suna rataye ga shasi ta cikin bushin na roba. A irin wannan tsari sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma ke hana aksul gocewa gaba ko baya ko gefe. Manyan motoci masu injin dizal a baya galibi jakunkunan iska suke da su a maimakon fallaye, tare da bawul mai ƙara iska ko rage ta don tsayin motar ya zauna daidai.

Shakazoba ita ke kashe rawar sifirin. Mai ne a cikinta da ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, ta haka ƙarfin girgiza ke zama zafi ya baje. Idan ta mutu, motar da ta taka tudu sau ɗaya sai ta yi ta sunkuyo da tashi sau uku ko huɗu, kuma a kowane tashi riƙon da taya ta yi wa kwalta yana raguwa.

Sandar hana tangaɗi ƙarfe ce da ta ratsa daga hagu zuwa dama, an lanƙwasa bakinta biyu. Idan tayoyin biyu suka tashi tare, ba ta yin kome. Idan bodi ya karkata gefe guda, sai ta murɗe, murɗewar kuma ta yi tsayayya da karkatar. Abin da ke riƙe da ita maɗaurai ne guda biyu masu roba a ciki, da 'yan sanduna biyu a baki, da 'yan notuna. Akwai kuma sandar tsare gefe, wadda ake kira da sunan kamfanin Panhard na Faransa da ya ƙago ta. Bakinta ɗaya a shasi, ɗaya a aksul, aikinta ta hana bodi zamewa hagu da dama a kan tayoyi. Ba kowace mota ke fitowa da ita ba, shi ya sa a Amurka aka sami sana'a sukutum ta sayar wa masu waɗannan motoci ƙarin sanduna da shakazobobi bayan sun saya.

Ana iya rage matsalar tun daga zane. Tsakanin 1973 da 1978 kamfanin General Motors ya ƙera motar tafi-da-gidanka ta GMC, kusan guda 13,000, shasi da bodi duka aikin gida ɗaya. An sa injin ya ja tayoyin gaba, saboda haka babu doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya, daɓen motar ya sauko ƙasa sosai, tayoyin baya huɗu kuma aka jera su biyu-biyu a kan jakunkunan iska. Cibiyar nauyinta ta yi ƙasa, kuma an san ta da natsuwa a hanya. Yawancin kamfanoni ba su bi wannan tafarki ba, domin sayen shasin motar kaya a yi gini a kai ya fi araha.

5.0 Yadda Aibi Ke Shiga

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙafar mota hakin nan shi ne noti da ƙusarsa. Mutane da yawa suna zaton ƙusa tana riƙe ƙarfe biyu ne kamar yadda turke ke riƙe dabba, watau ta tsaya a tsakani ta hana su rabuwa. Aikinta ya wuce haka. Sa'ad da aka ɗaure noti, ƙusar tana miƙewa kaɗan, abin da ido ba ya gani, ta zama kamar sifirin mai ƙarfi ƙwarai da ke matse ƙarafan biyu. Matsin nan shi ke hana su motsi. Muddin suna matse, girgizar hanya tana bi ta jikinsu ta wuce, ƙusar ba ta jin kome sai kaɗan.

Daga nan aibi iri huɗu ke fitowa.

Na farko, rashin ɗauri sosai. Kowane noti a ƙafar mota yana da adadin ƙarfin da aka ƙayyade a ɗaure shi da shi, kuma akwai sufana ta musamman mai awo domin wannan. Idan aka gaza adadin, ƙarafan sukan riƙa gogar juna. A 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna cewa girgizar da ke zuwa ta gicciye, wadda ke sa ƙarafan su zame wa juna, ita ce ta fi saurin kwance noti, kuma har yau ana gwada notuna da na'urar da ke ɗauke da sunansa. Noti ya fara juyawa, matsi ya ragu, zamewar ta ƙaru, ya ƙara juyawa.

Na biyu, gajiyar ƙarfe. Wayar da hannu ba zai iya tsinkewa da ja ba, idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya sai ta karye. Turawa sun koyi wannan da tsada a kan jiragen ƙasa: a 1842 aksul ɗin wani jirgi ya karye kusa da Basai a Faransa, mutane da yawa suka hallaka. A shekarun 1850 da 1860 August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, ya yi gwaje-gwajen da suka tabbatar da cewa nauyi kaɗan mai maimaituwa yana karya ƙarfen da nauyi mai yawa na sau ɗaya bai karya ba. Ƙusar da ta saki tana shan irin wannan lanƙwasa a kowane rami. Tsaga takan fara ƙarama a gindin zare, ta yi ta ci a ɓoye tsawon watanni, ranar da abin da ya rage ya kasa ɗauka sai ta ɓalle gaba ɗaya.

Na uku, ƙusa maras inganci ko wadda ba ta dace ba. A kan ƙusoshin awon mita akan buga lamba, kamar 8.8 ko 10.9. Ta biyun ta fi ta farkon ƙarfin jure ja da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, alhali girmansu da kamanninsu ɗaya. Idan aka sa ta farko a gurbin ta biyu, aka ɗaure ta da awon ta biyu, tana iya miƙewa ta wuce iyaka, ba za ta koma ba. Akwai ma aibin da ke shiga tun daga masana'anta, sa'ad da ake shafa wa ƙusa mai tauri sinadarin hana tsatsa: iskar haidurojin takan shige cikin ƙarfen, idan ba a gasa shi an fitar da ita ba, sai ƙusar ta karye kwanaki bayan an ɗaure ta, ko da motar tana tsaye.

Na huɗu, walda da maɗaurai. Waldar da ba ta ratsa ba a ido tana kama da mai kyau. Maɗaurin da aka huda a wurin da bai dace ba, ko aka yi shi da ƙarfe mai kauri kaɗan, yakan yi shekara yana aiki kafin ya tsage.

Abin da ke biyo baya ya danganta da wurin da aibin yake. Idan yubol suka saki, nauyi yakan koma kan ƙusar tsakiyar sifirin, wadda ba a yi ta don haka ba. Ta karye, aksul ya goce a gefe ɗaya, tayoyin baya su shiga tuƙa motar da kansu, a gan ta tana tafiya a karkace. Idan maɗaurin sandar hana tangaɗi ya ɓalle, a miƙaƙƙiyar hanya direba ba zai ji bambanci ba sai ɗan ƙwanƙwasa. Sai ranar da ya kauce wa wani abu bodi zai kwanta fiye da yadda ya saba, ya firgita ya murɗa sitiyari ya wuce kima, motar ta dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Kifewa da yawa a wannan dawowa ta biyu suke aukuwa. Idan jakar iska ɗaya ta sace, kusurwa guda ta zauna, nauyi ya taru a kan tayar da ke wajen, ta yi zafi.

Zaman banza ma yana da nasa lahani. Waɗannan motoci sukan yi watanni a ajiye. Roba tana tsufa ko an yi tafiya ko ba a yi ba, tsatsa tana cin ƙarfe, giris yana bushewa. Mai saye ya duba agogon mil ya ga tafiya kaɗan, ya ɗauka motar sabuwa ce, alhali bushin da tayoyi sun shekara goma.

6.0 Alhakin Wa?

Kamfanin shasi yakan ba da takarda mai bayyana iyakar nauyin da kowane aksul zai ɗauka, da iyakar inda cibiyar nauyi za ta kai. Mai ginin bodi shi ke sa hannu a ƙarshe cewa motar ta cika ƙa'ida. To amma kowane katako da marmara da firji da ya ƙara don ya jawo mai saye yana cin rabon da ya kamata a bar wa mutane da kayansu. Saboda haka tun 2008 dokar Amurka ta wajabta a manna takarda a jikin motar mai nuna nauyin mutane da kaya da za ta iya ɗauka, tare da gargaɗin cewa ruwan tanki yana cikin lissafi. A Ingila wanda ya sami lasisin ƙaramar mota daga 1997 zuwa yau iyakarsa kilo 3,500, don haka masu ƙira suna cika motar da kayan alatu har ta kusa wannan iyaka tun babu kowa a ciki. A yawancin jihohin Amurka kuwa lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa wadda ta kai kusan tan 12. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa motar zuwa ofis yana iya wayar gari a bayan sitiyarin abin da ya kai bas.

Idan matsala ta taso, mai shasi yana iya cewa mai bodi ya yi lodi fiye da kima, mai bodi ya ce aibin na shasi ne, su biyun kuma su ce mai motar ne bai kula da ita ba. Abin da ke raba wannan gardama shi ne doka da rubutaccen tarihi. A 1965 wani lauya, Ralph Nader, ya wallafa littafi yana zargin kamfanonin mota da fifita riba a kan rayuka, babinsa na farko kuma a kan ƙafar baya ta motar Chevrolet Corvair ne. Binciken gwamnati na 1972 ya ce motar ba ta fi takwarorinta na lokacin haɗari ba, amma kafin nan hayaniyar ta taimaka an kafa dokar lafiyar motoci ta 1966. A ƙarƙashin tsarin da ya tsiro daga wannan doka, kamfanin da ya gano aibi mai haɗari dole ya sanar da hukuma cikin kwanakin aiki biyar, ya rubuta wa masu motocin, ya gyara kyauta idan motar ba ta wuce shekara 15 ba. Kowa kuma yana iya kai ƙara ga hukumar, kuma ƙararrakin da suka taru a kan abu ɗaya su ke sa a buɗe bincike. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, tsarin da aka daidaita tun 1981, da ita ake gane wadda kiran gyara ya shafa.

Tsarin yana da jinkiri, kuma tayar Goodyear G159 ta nuna haka. An yi wani girma nata daga 1996 zuwa 2003, aka ɗora ta a kan motocin ajin A da yawa. Masu ƙara a kotu suka ce an tsara ta ne don motocin raba kaya a cikin gari, ba ta jure zafin doguwar tafiya da nauyi. Hukumar ta buɗe bincike a 2017, sai a 2022 kamfanin ya yi kiran janye tayoyi kimanin 173,000, yana mai cewa shi bai yarda suna da aibi ba. Shekara 19 ke nan bayan an daina yin su.

Na'urar zamani ta taimaka ta wani fanni. A 1997 sabuwar ƙaramar motar Mercedes-Benz A-Class ta kife a Suwidin a wani gwajin kauce wa dabba da 'yan jarida suka yi. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya rage tsayinta, ya ƙarfafa ƙafarta, ya kuma sa mata kwamfuta mai taka birkin taya ɗaya-ɗaya idan ta ji motar za ta kuɓuce. Amurka ta wajabta wannan na'ura ga ƙananan motoci daga 2011, Tarayyar Turai kuma ga duk sababbi daga 2014. Sai dai kwamfutar tana lissafi ne bisa zaton cewa aksul yana inda aka sa shi. Ba ta ɗaure noti.

7.0 Abin da Ya Shafi Gida

Motar tafi-da-gidanka ba ta yawaita a Nijeriya ko Nijar ba, amma 'yan'uwanta suna nan. Motocin katako da kafintoci ke gina wa bodi a kan shasin da aka shigo da shi, da bas-bas da ake ɗora wa kaya a rufi, da motocin asibiti da ma'aikatu ke saye, duka shasin wani ne da ginin wani. Lissafin faɗi da tsayi bai san iyakar ƙasa ba.

Ma'aikacin da ke kula da motocin hukuma zai amfana da abubuwa kaɗan. A kai motar kan sikeli bayan an yi mata cikakken lodi, a auna kowane aksul dabam, a gwada da abin da aka rubuta a jikinta. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin aksul biyu. Bayan duk aikin ƙafa a ɗaure notuna da sufana mai awo, a sake duba su bayan tafiyar farko, kada kuma a mayar da tsofaffin yubol. Tsatsa mai ja kamar gari a gindin noti, ko wuri mai ƙyalli inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, alama ce ta motsi. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Motar da aka shigo da ita daga Amurka kuwa ana iya duba lambar shasinta a rajistar hukumar can, a ga ko akwai kiran gyara da ba a amsa ba. Duk wannan a rubuta shi a littafin motar, da kwanan wata da sunan wanda ya yi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa doguwar mota mai nauyi tana tafiya ne kusa da iyakar natsuwarta fiye da ƙaramar mota, kuma ɗan ratar da ke tsakani kayan ƙafa ne ke tsaron ta. An ga cewa aibin waɗannan kaya yakan ɓuya har sai ranar da aka fi bukatarsu, kuma inda aiki ya bi ta hannu da yawa, kowa yana iya zaton wani ya duba. Amurka, da dokokinta da hukumarta, ta ɗauki shekaru kafin ta warware batun taya guda. Inda babu irin wannan tsari, nauyin yana komawa kan mai mota, da bakanike, da jami'in duba lafiyar motoci, kuma lokacin yin aikinsu shi ne sa'ad da motar take tsaye a gareji, domin ba a fafe gora ranar tafiya.